Bishara Tarihi Ce ko Tatsuniya?



Akwai wata tambaya da take yawo a tsakaninmu. Wasu suna yin ta a fili, wasu kuma sun binne ta a ciki don gudun kada a ce sun ja da baya. Tambayar ita ce: dole ne abin da Bishara ta faɗa game da Yesu ya zama ya faru da gaske, ko kuwa darasin da ke ciki ya wadatar? Ta ƙofa biyu take shigowa. Ta farko ita ce ta masu bidiyo a TikTok da Facebook, waɗanda suke cewa ba a taɓa yin wani Yesu ba, daga gumakan Masar aka kwaso labarinsa. Ta biyu ta fi laushi, kuma daga cikin gida take fitowa. Ɗan'uwa ne mai zuwa sujada, watakila ma yana cikin mawaƙa, sai ya ce, “Ko ya tashi daga matattu ko bai tashi ba, ai koyarwarsa mai kyau ce, tana kuma sa in zama mutumin kirki. Ina ruwana da sauran?” Ta biyun ta fi ba ni tsoro, domin ba ta korar mutum daga coci. Tana barinsa zaune a kan benci, ta kwashe abin da ya kawo shi.

Ga matsayina tun daga farko. Bangaskiyar Kirista tana tsaye ne a kan abin da ya faru: an haifi Yesu, ya yi zama cikin mutane, an gicciye shi, an binne shi, ya kuma tashi da jiki. In aka zare wannan, abin da ya rage nasiha ce kawai. Amma tarihi yana da iyakarsa, kuma wanda bai san iyakar ba zai ji kunya a gaban mai ilimi.

Mun riga mun san bambancin

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tatsuniya tun kafin ya san boko. Da dare ake yin ta, a ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa ta zo mu ji ta. Babu yaron da ya taɓa tambaya a wace shekara Gizo ya yaudari Kura, ko wane sarki ne yake kan gado a lokacin. Tatsuniya ba ta da ranar wata, ba ta da shaidu, kuma ba ta neman su. Amfaninta yana cikin darasinta, ba wanda ya rasa kome don Gizo bai taɓa rayuwa ba.

Littafi Mai Tsarki ma yana da labaran da aka bayar domin darasi. Yesu da kansa ya yi ta ba da misalai. Ba ma neman sunan ƙauyen ɗa mubazzari, ko sunan masaukin da Basamariye ya kai mai rauni. Akwai waƙoƙi a Zabura inda tuddai suke tsalle, koguna suna tafi. Akwai wahayi mai cike da alamu. Mai karatun kirki yakan fara tambaya: wane irin rubutu ne wannan a gabana? Wanda ya karanta misali kamar rahoton jarida ya yi kuskure, haka ma wanda ya karanta rahoto kamar misali.

To, yanzu buɗe Luka sura 3. Kafin Luka ya ce Yahaya Mai Baftisma ya fara wa'azi, sai da ya jera sunaye bakwai: Kaisar Tibariyas a shekara ta 15 ta mulkinsa, Bilatus a Yahudiya, Hirudus a Galili, ɗan'uwansa Filibus, Lisaniyas, sannan Hanana da Kayafa manyan firistoci. Tibariyas ya hau mulki a shekara ta 14 bayan haihuwar Almasihu, saboda haka Luka yana nuna mana shekara ta 28 ko 29. A farkon littafin kuma ya gaya wa Tiyofilas cewa ya bi diddigin abubuwan daga bakin waɗanda suka gani da ido. Mai tatsuniya ba ya yin haka, domin wanda ya ba ka shekara da sunan gwamna ya ba ka sandar da za ka doke shi da ita in ƙarya yake yi. Shi ya sa a Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, ban da Yesu, mutane biyu kaɗai muke ambata: Maryamu da Bilatus Babunti. Duk ranar da muka furta ta, muna ɗaure bangaskiyarmu ne da wata mace da ta haihu, da wani gwamna da ya yanke hukunci.

Daga ina ra'ayin ya fito?

Maganar ta girmi TikTok ƙwarai. A 1835 wani matashin malamin tauhidi a Jamus, David Strauss, ya fitar da littafi a kan rayuwar Yesu. Bai ce almajirai maƙaryata ne ba. Cewa ya yi ikkilisiyar farko ta lulluɓe Yesu da labaran al'ajibi da ta saƙa daga begen da ke cikin Tsohon Alkawari, ba tare da niyyar ruɗi ba. A 1941 wani Bajamushe kuma, Rudolf Bultmann na jami'ar Marburg, ya ce mutumin da yake amfani da lantarki da rediyo da asibitin zamani ba zai iya gaskata duniyar ruhohi da mu'ujizai ta Sabon Alkawari ba, don haka a ɓare ɓawon almara a riƙe ƙwayar saƙon. A ganinsa, ma'anar Ista ita ce bangaskiyar da ta farka a zukatan almajirai.

Mu yi wa Bultmann adalci. Yana so ne ya ceci wa'azi don mutanen zamaninsa, ya kuma yi gaskiya da ya ce sanin tarihi kawai ba ya canja zuciya. Amma ya raina mutanen dā. Ba sai da lantarki ake sanin cewa matacce ba ya tashi ba. Yusufu ya yi shirin rabuwa da Maryamu ne domin ya san yadda ake samun ciki. Da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, wasu dariya suka yi masa. Toma ya ce shi sai ya taɓa, gani ya kori ji. Mutanen ƙarni na farko sun fi mu sanin gawa, gama da hannunsu suke wanke ta, su binne.

Babbar matsalar kuwa ita ce manzanni da kansu sun rufe wannan ƙofa. A 1 Korintiyawa 15 Bulus ya ɗora kome a kan sikeli ɗaya: idan ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu wofi ne, bangaskiyar masu ji wofi ce, su manzanni sun zama masu shaidar zur a kan Allah, zunubi yana nan daram, waɗanda suka mutu cikin Almasihu kuma sun hallaka. Bai bar wa kansa hanyar gudu ba. Wasiƙar Bitrus ta biyu ma ta musanta cewa tatsuniyoyin da aka ƙaga da wayo suka bi. Kana da 'yancin ka ce ba ka yarda da su ba. Abin da ba ka da 'yancinsa shi ne ka ce ba abin da suke nufi ke nan ba.

Abin da tarihi ya nuna

Bari mu fara da waɗanda ba Kirista ba. Tasitus, marubucin tarihin Roma, ya yi rubutu wajen shekara ta 116 a kan gobarar da ta cinye Roma a shekara ta 64, da yadda Kaisar Nero ya ɗora wa Kirista laifin. A nan ya bayyana cewa sunansu ya samo asali daga Kristi, wanda Bilatus ya kashe a zamanin Tibariyas. Tasitus ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, mugun camfi ya kira addininsu. Yosifus, marubuci Bayahude, ya ba da labari wajen shekara ta 93 yadda aka kashe Yakubu, ɗan'uwan Yesu da ake kira Almasihu, a Urushalima a shekara ta 62. Akwai wani sashe mai tsawo a littafinsa da yake yabon Yesu, amma masana sun yarda cewa hannun masu kwafi Kirista ya taɓa shi, don haka kada ku jingina da shi kamar yadda yake.

Ƙasa ma ta yi magana. A 1961 masu tonon kayan tarihi daga Italiya suka sami wani dutse a Kaisariya da sunan Bilatus da muƙaminsa a Yahudiya. A 1968 aka sami ƙasusuwan wani mutum da aka gicciye a Urushalima, ƙusa tana nan a ƙashin diddigensa, an kuma binne shi a kabarin dangi. Wani rubutun dutse da aka samu a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna cewa Galiyo ya yi gwamnan Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52, shi ne kuwa wanda aka kai Bulus gabansa a Koranti a Ayyukan Manzanni 18. Saboda irin waɗannan shaidu, da wuya ka sami masanin tarihi a jami'a da yake musun cewa Yesu ya rayu an kuma gicciye shi. Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari a Amurka wanda ya bar bangaskiyar Kirista, ya rubuta littafi guda a 2012 yana ƙaryata masu cewa ba a taɓa yin Yesu ba.

Su kuma masu maganar Masar, ku roƙe su su nuna muku tsohon rubutun da suka dogara da shi. A labarin Masarawa, Horus ɗan Isis ne da mijinta Osiris. Osiris kuwa bai dawo cikin masu rai ba, sarautar lahira ya yi. Mitra na Romawa daga dutse aka ce ya fito. Ranar 25 ga Disamba da suke yawan kafa hujja da ita ba ta ma cikin Littafi Mai Tsarki.

Amma a nan sai mu yi hankali. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura har yau, ana zuwa ganinta. Kasancewar rijiyar bai tabbatar da kowane daki-daki na labarin Bayajidda da macijiya ba, masana tarihi ma sun sha bamban a kansa. Haka dutsen Bilatus bai tabbatar da tashin Yesu ba. Abin da ya raba labaran biyu shi ne tazara da shaidu. Labarin Bayajidda ya yi ɗaruruwan shekaru a baka kafin ya hau takarda. Yesu kuwa an gicciye shi a shekara ta 30 ko 33, Bulus kuma ya rubuta wa Korintiyawa wajen shekara ta 54 ko 55. Tazarar ba ta wuce wadda ke tsakaninmu da 1999 ba, shekarar da mulkin farar hula ya dawo Najeriya. Ka gwada ƙaga wani babban abu ka ce ya faru a Jos ko Kaduna a 1999, ka ga ko iyayenka za su bar ka ka rufe baki.

Bulus ma ya ce ba shi ya ƙago maganar ba, karɓa ya yi ya miƙa. Ya jera waɗanda suka ga Yesu a raye: Kefas, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai, Yakubu, sannan shi kansa. A Galatiyawa 1 ya ce shekara uku bayan tubarsa ya je Urushalima, ya kwana 15 wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu. Ashe shaidar ta koma har 'yan shekaru kaɗan bayan gicciye, daga bakin masu ita.

Sai kuma abubuwan da mai ƙaga labari ba zai sa ba. Bisharu huɗu duka sun ce mata ne suka fara iske kabarin a buɗe, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. A ƙarni na biyu wani mai sukar Kirista, Kelsus, ya yi wa labarin ba'a saboda wannan. Bitrus, jagoran ikkilisiya, an rubuta cewa ya yi musun Ubangijinsa sau uku. 'Yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba yana raye, amma ga Yakubu ya zama shugaban ikkilisiyar Urushalima har aka kashe shi. Bulus mai tsananta wa ikkilisiya ne. Ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne mutum yana iya mutuwa domin ƙaryar da ya ɗauka gaskiya ce, mun ga haka a zamaninmu. Amma waɗannan ba jita-jita suka bi ba. Su ne suke a wurin da za su san ko sun gani ko ba su gani ba.

Inda tarihi ya tsaya

Duk da haka, kada wani ya fita yana cewa kimiyya ta tabbatar da tashin matattu. Ehrman ɗin da na ambata ya san duk waɗannan shaidu, bai kuwa gaskata ba. Tarihi yana iya kai ka bakin kabari, ya nuna maka cewa mutumin ya mutu, cewa almajiransa sun tabbata sun gan shi a raye, cewa sauran bayanai suna ɗingishi. A ganina tashinsa ne ya fi bayyana abin da ya biyo baya. Amma cewa ya mutu domin zunubanka, wannan Ruhu Mai Tsarki ne yake buɗe wa zuciya. Sojojin da suka buga ƙusoshin sun fi mu sanin tarihin ranar, saninsu kuwa shi kaɗai bai cece su ba.

Akwai kuma wuraren da suke da wuya, kada mu ɓoye. Bisharu sun bambanta a kan yawan matan da suka je kabari, da ko mala'ika ɗaya ne ko biyu. Duk wanda ya taɓa zaman sasanta rikici ya san cewa shaidu huɗu na gaskiya ba sa magana da baki ɗaya. In suka yi haka, alƙali yakan zargi haɗin baki. Ƙarshen Markus daga aya 9 ta sura 16 ba ya cikin tsofaffin kwafi biyu mafi muhimmanci na ƙarni na huɗu, fassarori da yawa kuma suna faɗin haka a ƙasan shafi. Mun san wannan ne domin muna da kwafin Sabon Alkawari na Helenanci fiye da 5,000 da ake gwada su da juna. Tambayoyi a kan wasu sassan Tsohon Alkawari ma suna nan, masu bi na gaskiya suna ta muhawara a kansu. Ba kowace tambaya ce take taɓa ginshiƙi ba. Ginshiƙin shi ne wanda Bulus ya kira abu mafi muhimmanci: mutuwar Almasihu, binne shi, da tashinsa.

Ina kuma roƙonku, ku daina tura wa mutane bidiyon da ke cewa an gano ƙafafun karusan Fir'auna a ƙarƙashin teku, ko an ji kukan 'yan wuta a wani rami mai zurfi. Ba su da tushe. Ranar da ƙaninka ya gano cewa wannan ƙarya ce, zai fara shakkar gaskiyar da ka gaya masa tare da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani zai ce, “Kakata ba ta taɓa jin sunan Tasitus ba, ashe bangaskiyarta ba ta da tushe?” Tana da shi. Mai hawa gada ba sai ya san lissafin injiniya ba, amma dole gadar ta kasance a wurin. Abin da yake ɗauke da kakarka shi ne abin da Allah ya yi, ko ta iya kare shi a muhawara ko ba ta iya ba. Ilimin shaidu yana taimakon wanda aka ce masa babu gada.

Me ya sa wannan ya shafe ka

Ka ɗauka ana binka bashin da ya fi ƙarfinka, sai wani ya zo ya ba ka labari mai daɗi na attajirin da yake biya wa talakawa bashi. Za ka ji sanyi a ranka. Da safe mai bashi zai ƙwanƙwasa ƙofa, abin da zai tambaya shi ne ko an biya. Gafarar zunubi haka take. Lamirin da ya san abin da ya aikata ba ya kwanciya da misali.

Ga kuma kabari. A Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Ikkilisiyoyi da yawa a Borno da Adamawa, da Filato da kudancin Kaduna, sun binne 'ya'yansu ba adadi. Fasto yana tsaye a bakin rami, gwauruwa tana gabansa da marayu. Me zai ce mata? Cewa tashin matattu alama ce ta sabon fata? Mijinta da jiki aka kashe shi, da jiki aka sa shi a ƙasa. In Yesu bai fito daga nasa kabarin da jiki ba, ba mu da abin faɗa mata sai haƙuri irin na kowa. In kuwa ya fito, to wannan rami ba shi ne ƙarshen maganar ba, mai kisan ma zai tsaya gaban shari'a.

Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda an gicciye shi ba. Bambancin babba ne, sai dai mun haɗu a abu ɗaya: mu da su duka muna ɗaukar maganar a matsayin abin da ya faru ko bai faru ba. In hira ta kai ku nan a makaranta ko wurin aiki, ku faɗi abin da kuka sani da ladabi, ba da zagi ko gori ba, ku kuma saurara.

Shugabannin zumunta, in matashi ya kawo irin wannan tambaya, kada ku ce masa aljani ne ya shige shi. Yesu bai kori Toma ba, hannuwansa ya nuna masa. Wanda aka hana shi tambaya a coci zai kai ta wurin wanda zai amsa masa da ƙarya. Ku kuma matasa, a wannan mako ku karanta 1 Korintiyawa 15 gaba ɗaya a zama ɗaya, sannan ku fara Bisharar Luka da biro a hannu, kuna ja wa kowane sunan gari da na mai mulki layi. Duk abin da ya ɗaure muku kai, ku rubuta ku kawo taron zumunta mu duba tare.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode da ka aiko Ɗanka cikin duniyarmu, a ƙasar da aka sani, a zamanin da aka sani. Ka riƙe waɗanda shakka take damunsu a cikinmu, ka ba su masu amsa musu da gaskiya da haƙuri. Ka tsare bakinmu daga kare gaskiyarka da ƙarya. Ka ta'azantar da masu makoki da begen tashin matattu. Cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya mutu yake kuma raye. Amin.